Filinge: Yaro ya ci maki, amma ya iya karatu?

A Filinge, cibiyar ƙasar Kurfayawa a jihar Tillaberi, yaro na shafe shekara shida a firamare, daga ajin CI zuwa CM2. Tun da hukumomin Nijar suka maido da jarabawar CFEPD a 2024, hankalin iyaye ya ƙara komawa kan makin da ɗansu ke kawowa gida.

Sai dai maki ba ya faɗin komai. Binciken PASEC na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin ɗari kawai na ɗaliban Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ne suka kai matakin karatun da ake buƙata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inda babu ɗakin karatu, allo ne kaɗai littafin yaro. Yana haddace abin da malam ya rubuta da Faransanci, ya mayar ranar jarabawa, a ba shi maki. In aka miƙa masa shafin da bai taɓa gani ba, sai ya kakare.

Malamin ma yana cikin wani hali. Da yawa 'yan kwantaragi ne masu ƙaramin albashi, wasu na koyarwa a azuzuwan zana inda ajiye littafi ke da wuya saboda gara da ruwan sama. Rashin tsaro kuma ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar.

Ga 'yan Kurfai mazauna Yamai, Kwatano ko Akara, gwajin mai sauƙi ne: in kun kira gida, ku sa ƙanenku ya karanta muku shafi ɗaya. Saƙo na gaba kuma, a haɗa da littafi.