Masu Fasa Dutse da Haɗarin da Ido Ba Ya Gani

Yawancin tsakuwar da ke cikin kankaren gida ko ƙarƙashin kwalta, daga hannun mai fasa dutse ta fito. A Mpape da ke gefen Abuja, da tsaunukan Jos, aikin ya rabu biyu. Kamfanoni na tarwatsa dutse da nakiya, injina su niƙa. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa, wuta suke hurawa a kan falalen dutse da tsofaffin tayoyi har ya tsage, maza su sassara shi da guduma, mata su zauna su farfasa shi ƙanana, a tace da rariya, a auna da kwanon sarki, a jira tifa.

Kowa a sana'ar ya san dakan yatsa, da tsinin dutse a ido, da tarin da ƙura ke sawa. Abin da ba a cika sani ba shi ne, irin wannan dutse yana ɗauke da ɗan sinadarin yuraniyom da toriyom tun halittarsa. Daga yuraniyom ake samun radon, wata iska marar launi marar wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, radon ce babbar mai haddasa sankarar huhu. A fili iska na kwashe ta. Inda take taruwa shi ne rami mai zurfi da ɗakin da ba taga. Ƙurar kuma, idan aka shekara ana shaƙa, tana maƙalewa a huhu, ta haɗa mutum da ciwon da ba ya warkewa.

Lamarin ya fi tsanani a Filato, inda haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20 ta bar tulin yashi mai tururin nukiliya fiye da na ƙasar gona, kuma akwai masu ɗibarsa su yi gini.

Kariyar ba ta da tsada. A yayyafa ruwa kafin a fasa, a sa takunkumin da ke tare ƙura, a wanke hannu kafin cin abinci, a nisanta goyo da wurin aiki, a fitar da tagogi a ɗakin kwana. Najeriya na da hukumar sa ido kan harkokin nukiliya tun 2001, akwai kuma cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Muna roƙonsu su riƙa auna waɗannan wurare, su bayyana wa ma'aikata sakamakon da harshen da suke ji.