Kayan Jariri: Wanne Ya Cancanci A Taɓa Jari Dominsa?

Duk wanda ya zaga kasuwar Bawku, ko ya tsallaka Sinkase ta ƙasar Togo sarin kaya, ya san yadda rumfunan kayan jarirai ke ɗaukar ido. Da uwargida ta shiga wata tara, sai mu fara taɓa jari don kada a raina mu ranar suna.

To, amma me jaririn yake bukata? A Yendi da Salaga mun sha ganin keken tura jariri ya koma wurin tara wanki bayan suna, domin rairayi da ramukan hanya ba su barinsa tafiya, uwa kuwa zani da majanyi sun ishe ta. Keken koyon tafiya ya fi wannan illa. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda raunukan da yara ke ji, balle mu da murhu ke tsakar gida.

Bulumboti ma a yi hattara. Gana ta kafa dokar hana tallarsa tare da madarar jarirai a shekarar 2000, likitoci kuma sun ce nono zalla har wata shida. In ba a tafasa shi kullum ba, gudawa ce ke biyo baya.

A sayi baho, nafkin, zannuwa masu laushi, da hula da safa saboda hunturu. Gidan sauro mai magani kyauta ake ba da shi wurin awon ciki. Ragowar kuɗin a ɓoye domin daren naƙuda: tun 2008 inshorar lafiya ke ɗaukar nauyin haihuwa, amma ba ta biyan direban da zai kai mai ciki asibiti.