Baƙin Maciji Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon gardawa a bakin kasuwar Potiskum ya san yadda jama'a kan ja da baya idan an buɗe akwati, baƙin kumurci ya miƙe ya fasa kai. To, akwai wani baƙin macijin a ƙasar Amurka wanda ya yi kama da shi ƙwarai, amma halinsu ya sha bamban.

Turawa suna kiransa macijin shuni, domin idan rana ta haska fatarsa sai ta yi ta ƙyalli kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Mazauninsa jihohin Fulorida da Jojiya, inda yakan fake da sanyi a cikin ramukan kunkuru. Tsawonsa yakan wuce mita 2, ba shi da dafi ko kaɗan, har ma macizai masu dafi suna cikin abincinsa. Sare dazuzzuka da kamun da masu sayarwa suka yi ta yi masa sun sa ya yi ƙaranci, sai a 1978 Gwamnatin Amurka ta sa shi cikin dabbobin da doka ta kare. Daga 2010 aka fara sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a hannu cikin dajin Conecuh na Jihar Alabama.

Kiwonsa kuwa sai mai haƙuri. Yana son wuri mai faɗi, da ruwan sha kullum, ga ci, ga yawan kashi. Ba ya jure zafi, saboda haka bazarar Potiskum, wadda takan haura digiri 40, ba wurin zamansa ba ce.

Abin lura shi ne, dukansu biyu sukan yi ja-ja a maƙogwaro. Macijin shuni ba ya fasa kai irin na kumurci, kuma babu shi a dajin Afirka. Watau baƙin da manomi zai tarar a gindin rumbu ba shi ba ne. Kumurci yakan tsarta dafi a ido daga nisan mita 2, sai a yi maza a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Ko wanda gardi ya cire wa haƙora ba abin amincewa ba ne, domin haƙoran sukan sake tsirowa. Wanda aka sara kuma, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tam, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti musamman na masu saran maciji.