Alkaki

Alkaki wani nau'in kayan zaƙi ne na Hausawa da ake yi da alkama, a soya a mai, sannan a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Ba abincin yau da kullum ba ne: an fi ganinsa lokacin biki, suna da sallah, musamman a birnin Kano.

Asali

Sunan ya fito ne daga kalmar Larabci al-ka'ak, wadda a Masar ake kiran cincin ɗin ƙaramar sallah da ita, sai dai nasu gasawa ake yi, na Hausawa kuwa suya. Ana danganta zuwansa da fataken Larabawa na Gadamus da Tarabulus waɗanda suka zauna a unguwanni irin su Alfindiki da Dandalin Turawa, suna ciniki a Kasuwar Kurmi da ke bakin Jakara, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Gurasa ma, wadda aka san Jakara da ita, sunanta na Larabci ne.

Yadda ake yi

Ana ɓarza alkama, kada ta yi laushi kamar fulawa. A murje ta da mai, a kwaɓa da yis ko nono mai tsami, a rufe ta kwana. Washegari a sa ɗan ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a murza har ta yi danƙo, a mulmula a naɗe. Wajen suya ake gane gwana: idan wuta ta yi yawa, waje ya ƙone ciki bai soyu ba. Daga mai sai cikin sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemon tsami, wanda ke hana shi daskarewa. Wanda ya soyu sosai yakan yi watanni bai lalace ba.

A cikin gara

Alkaki na cikin kayan garar da iyayen amarya ke kai wa gidan ango, tare da nakiya da dubulan da cincin, dangin ango kuma su raba wa 'yan uwa. Saboda ana auna darajar gidan amarya da yawansa, iyaye da dama kan ci bashi, shi ya sa malamai suka sha jan hankali cewa gara al'ada ce, ba wajibi ba ce a addini. A yanzu gidaje da yawa ba sa yi da kansu, sai su ba mata masu sana'ar kwangila, a biya su bisa yawan kwanon alkama.