Gizo-gizo mafarauci na cikin kogo: abin da ya kamata ku sani

A shekarar 2001 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Peter Jäger ya bayyana wa duniya wani gizo-gizo daga ƙasar Laos da ke kudu maso gabashin Asiya. Idan ya miƙe ƙafafunsa, faɗinsu yakan kai santimita 30, wato tsawon rular da yara ke zuwa da ita makaranta. Ya raɗa masa suna Heteropoda maxima. Ba a cikin daji ya fara ganinsa ba, a gidan adana halittu na birnin Faris ya same shi, an jiƙa shi a kwalba shekara da shekaru babu wanda ya san sabon nau'i ne. To ta yaya masana ke gane haka? Ga bayani dalla-dalla.

Wane ne gizo-gizo mafarauci?

Dangi ne babba da masana ke kira Sparassidae, wanda Heteropoda maxima ke cikinsa, kuma nau'o'insa da aka sani sun haura dubu. Ana ce masa mafarauci domin ba ya saƙa yana ya zauna jiran abinci. Da dare yake fitowa, ya laɓe a jikin bango ko dutse, ƙwaro na giftawa sai ya zabura ya cafke shi.

Mai yiwuwa kun taɓa ganin ɗan'uwansu ba ku sani ba. Akwai wani nau'i mai suna Heteropoda venatoria da ya bazu a ƙasashe masu zafi, har da Afirka. Yana shiga gidaje yana cin kyankyasai, kuma macen takan riƙe farar jakar ƙwanta a ƙarƙashin jikinta duk inda za ta.

Da me ake gane danginsu?

Abu na farko shi ne ƙafafu. Maimakon su tsaya ƙarƙashin jiki, sun baje ta gefe kamar na ƙaguwa, shi ya sa jikin ke kwanciya shafal, ya shige tsagar dutse da ba ku zaci wani abu zai shiga ba. Yawancinsu idanu takwas gare su, a jere biyu, huɗu sama huɗu ƙasa. A ƙarshen ƙafafun akwai gashi mai laushi cunkus, wanda ke ba su damar tafiya a kife a rufin kogo.

Amma waɗannan alamu ba su isa hujja ba, domin akwai wasu dangogin masu jiki a baje, irin waɗanda ke manne a bangon ɗakunanmu. Alamar da masana suka fi dogara da ita ƙarama ce ƙwarai: wata 'yar fata mai laushi, mai kunnuwa uku, a gaɓar da ke dab da ƙarshen kowace ƙafa. Sai da maikuroskop ake ganinta, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa.

Shin duk wanda aka samu a kogo ɗan kogo ne?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Masana sun kasa halittun kogo gida uku. Akwai baƙi, masu shiga su fake su fita. Akwai masu son kogo, waɗanda za su iya ƙare rayuwarsu a ciki amma ana samunsu a waje ma. Sai kuma 'yan asalin kogo, waɗanda ba sa iya rayuwa a ko'ina sai can ciki, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba. Su waɗannan na ƙarshe jikinsu yakan koɗe ya yi fari-fari, idanunsu su ƙanƙance ko su ɓace.

Shi ƙaton nan na Laos, duk da girmansa, idanunsa takwas lafiya lau suke, kuma jikinsa ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo. Wannan ya sa ake ganin mazaunin bakin kogo ne, inda haske ke ɗan shiga.

Labarin ya fi daɗi a wurin wata zuriya mai suna Sinopoda. A shekarar 2012 Jäger, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta Senckenberg da ke Frankfurt, ya bayyana sababbin nau'o'inta daga kogwannin Laos. A cikinsu akwai mai ido takwas, da mai shida, da mai huɗu, da mai biyu. Sai kuma guda ɗaya daga lardin Khammouane wanda ba shi da ido ko ɗaya. Shi ne makahon gizo-gizo mafarauci na farko da aka sani a duniya, sunansa Sinopoda scurion. Jikinsa kusan milimita 12 ne kacal, faɗin ƙafafunsa kamar santimita 6. Za ku ce to ta yaya makaho ke farauta? Da gashin ƙafafunsa. Gashin na jin motsin iska da girgizar dutse idan ƙwaro ya taho, kuma a cikin duhun da babu mai gani, wannan ya fi ido amfani.

Ta yaya ake tabbatar da cewa nau'i sabo ne?

Kada girma ko launi su yaudare ku. Nau'i biyu daban za su iya kama da juna sak, sannan 'yan nau'i ɗaya su bambanta a launi. Abin da ke raba gardama shi ne gaɓoɓin haihuwa. Namiji yana da wasu 'yan hannuwa biyu a gefen baki, waɗanda ƙarshensu ke kumbura idan ya balaga, da su yake miƙa wa mace maniyyi. Mace kuma tana da wani ɗan faranti mai tauri a ƙarƙashin cikinta. Siffar waɗannan gaɓoɓi ta kowane nau'i daban take, don haka masani yakan sa su a ƙarƙashin maikuroskop ya zana su da hannu, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ya gwada da zanen nau'o'in da aka riga aka sani.

Saboda haka hoto kaɗai ba ya wadatarwa, kuma gizo-gizon da bai balaga ba da wuya a iya faɗin nau'insa. A yanzu ana haɗawa da gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, don a ga kusancin wannan da wancan.

Idan an tabbatar, sai a ba shi suna mai kalma biyu: ta farko sunan zuriya, ta biyu sunansa na kansa. A ajiye guda ɗaya cikin sinadarin alkohol a gidan adana halittu ya zama abin misali ga duk mai son dubawa nan gaba, a wallafa bayanin a mujallar masana. Daga nan sunan ya shiga babban kundin gizo-gizon duniya da ake kula da shi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, wanda ya kai nau'i dubu 50 a shekarar 2022.

Yana da haɗari ga mutum?

Yana da dafi, amma na kashe ƙwari ne. Ba ya neman mutum, gudu ya fi sani. Idan aka matsa masa yakan yi cizo mai zafi, wurin ya ɗan kumbura, galibi kuma ya warke da kansa.

Me ya sa ake shan wannan wahala?

Wahala kam ana sha. Sai an yi rarrafe a cikin laka da kashin jemage da fitila a goshi, sannan a dawo a yi watanni ana zane da gwaje-gwaje. A ganina aikin ya cancanta, saboda dalili ɗaya mai nauyi. Kogwannin nan a cikin dutsen farar ƙasa suke, irin wanda ake haƙa a yi siminti da shi a Ashaka da Sakkwato, kuma a kudu maso gabashin Asiya ana fasa irin waɗannan duwatsu don wannan buƙata. Makahon gizo-gizo ba zai iya ƙaura zuwa wani dutse ba. Wasu nau'o'in a kogo ɗaya tak aka san su, idan aka fasa dutsen sun tafi ke nan har abada. Hukuma kuwa da wuya ta sa wata halitta a jerin waɗanda za a kare in ba tana da suna da bayani a rubuce ba.

Idan kuka ci karo da ɗaya daga cikin danginsu a ɗaki, ba sai kun ɗauko takalmi ba. Ku kifa masa kofi, ku zura takarda a ƙarƙashi, ku kai shi waje ku sake shi.