Mai renon dashe, duba saiwa kafin ka raba

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a lambunan ƙauye, musamman wurin masu haɗa lambu da ɗan wajen renon dashe na sayarwa. Mutum zai ga gindin citta ko na'ana'a ya fara rawaya, maimakon ya tumɓuke ya ƙone, sai ya yayyaga shi gida biyar, ya cusa a baƙar leda, ya jera a bakin hanya. Idan ka yi magana ya ce, "Ai ruwa ne bai ishe shi ba, Alhaji, yana shiga ƙasa zai farfaɗo." Ina farfaɗowa ga abin da ya ruɓe tun daga tushe?

Citta, gangamau, ayaba, na'ana'a da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo duk da saiwa suke rayuwa shekara bayan shekara, da ita kuma ake yaɗa su. Cutar da ke jikin uwar, ita 'ya'yan za su gada. Manoman citta na Kachia, Kagarko da Jaba ba sa bukatar a yi musu bayani. A daminar 2023 cuta ta bi gonakinsu ta ruɓar da citta, har irin shukawa ya gagari mutane a shekarar da ta biyo baya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wuƙa. Wuƙa ɗaya, ta yanka ruɓaɓɓen gindi, ta yanka lafiyayye, ba wanki, ba ko gogewa. Nawa ne kuɗin ruwan bilic? A tsoma wuƙar a ciki tsakanin gindi da gindi, ko a gasa bakinta a wuta. Haka ƙasar cika leda: wasu daga inda tsiro ya mutu suke kwasowa, wai don kada takin ya tafi a banza. Wanda ba shi da wata ƙasar sai wannan, ya jiƙa ta, ya rufe da farar leda a ranar Maris da Afrilu har mako huɗu zuwa shida, zafin zai rage ƙwayoyin cutar sosai. Ledar dashen kuma a huda ƙasanta. Sau da yawa za ka ɗaga dashe ka ji ruwa na kwance a ciki, yana tsami.

Mai saye ma yana da nasa laifin, don ganye kawai yake kallo. Ka ce a zare maka ɗaya daga leda. Lafiyayyar saiwa fara ce, da ƙarfi. Idan ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ko ka ga ƙulle-ƙulle a jikinta kamar carbi, tsutsar ƙasa ce ko ruɓa, ka ajiye masa kayansa. Mai gaskiya ba zai hana ka dubawa ba. Wanda ka saya ɗin ma kada ka dasa shi ranar. Ka ware shi a inuwa nesa da sauran na mako biyu ko uku, ka ga kamun ludayinsa.

Rabon gindi a bari sai damina ta kankama, da yamma. Na'ana'a kuwa a ba ta bokiti ko tsohon baho nata ita kaɗai, don idan ta samu fili sai ta mamaye kwamin albasa da na latas gaba ɗaya.