Takarda Aka Canza, Jinin Yana Nan

Tun da gwamnan Kano ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da gwajin sikila, wata ɗabi'a ta ƙara fitowa fili, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. An kai gaisuwar iyaye, an sa rana, an kai lefe, an raba kati, sai ana saura mako guda wani ya tuna da asibiti. Sakamako ya fito: ango AS, amarya AS. Nan take sai a shiga ƙus-ƙus. Abokin ango ya ce ya san wani ɗakin gwaji a bayan layi inda za a "gyara" takardar. Gwaggo ta ce su a zamaninsu wa ya san wani gwaji, kuma ga 'ya'yansu nan goma ras. Wani ya ce a bar wa Allah. Ranar Asabar liman ya ga AA a rubuce da hatimi, a shafa fatiha, a watse.

To, wa aka yaudara? Liman dai ba shi zai kwana a ɗakin yara na asibiti ba.

Abin da ke cikin jinin nan rubutu ne, kuma ba biro ne ya yi shi ba. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, rabi daga uba, rabi daga uwa. A cikinsu DNA yake, wani dogon zare da masana ke karantawa da haruffa huɗu kacal: A, T, C da G. Jiki yana ɗaukar haruffan uku-uku, yana fassara su zuwa amino asid, waɗanda iri 20 ne. Idan aka jera su bisa umarnin, sai a sami furotin. Himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, furotin ne. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da amino asid 146, umarninta kuma yana kan kuromosom na 11. A gurbi na shida, mai lafiya yana da GAG, wanda ke kawo gulutamik asid. Mai S, wato nau'in sikila, yana da GTG, sai amino asid balin ya shiga gurbin. Harafi ɗaya ke nan cikin kimanin biliyan 3. Vernon Ingram ne ya gano a Kambirij ta Ingila, a 1956, cewa ɗan wannan bambanci ne tushen cutar.

Harafin nan ɗaya shi ke sa himogulobin ya manne wa juna idan oksijin ta yi ƙasa, ƙwayar jini ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ciwon ƙashin nan yake zuwa, wanda ke sa yaro birgima a tabarma, da idon da ya koma ruwan ɗorawa, da kumburin hannu da ƙafa da ke fara bayyana bayan jariri ya kai wajen wata shida. Ba mayu ba ne, ba iska ba ce, ba sammun kishiya ba ne.

Akwai lissafin da nake yawan ji, kuma yana ba ni haushi: wai ai ɗaya ne cikin huɗu, idan na fari ya fito da sikila sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban, daga farko ake sake shi. AS da AS za su iya haifar biyar babu SS ko ɗaya, wasu kuma su jera uku. Gwaggon da ta haifi goma lafiya sa'a ta yi, ko kuma a tambaye ta nawa ta binne tun suna goye.

Sannan maza, a ji tsoron Allah. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mutumin da ya saki mace yana cewa ciwon danginsu ne ta kawo masa gida, rabin abin a jininsa yake, kuma idan ya sake auro wata AS labarin zai iya maimaita kansa. Ba abin kunya ba ne zama AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake, domin S guda ɗaya yana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a Najeriya.

Lokacin gwaji shi ne kafin magana ta je gaban manya, tun zuciya ba ta yi nisa ba. Mafi kyau ma iyaye su gwada 'ya'yansu tun suna makaranta, kowa ya tashi ya san nasa. A je asibitin da aka yarda da shi, kowa ya miƙa hannunsa a ɗebi jini a gaban idon ɗan'uwansa, ba a aiki yaro ya karɓo takarda ba. A maimaita a wani wurin daban, don ana samun kuskure. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, in ba haka ba jinin wani za a karanta. Kuma kada a ce "ni O ne" a kwantar da hankali, rukunin jini daban, wannan gwaji daban. Mai AC ma ya kula, domin idan ya haɗu da AS ana iya haifar SC, ita ma sikila ce.

Waɗanda kuma sun riga sun yi aure, a kai kowane jariri gwaji da wuri. Idan SS ne, a riƙe gidan sauro da rigakafi, a yawaita ba shi ruwa, a kare shi daga sanyin hunturu, a tambayi likita batun folik asid da haidiroksiyuriya. Da jikinsa ya yi zafi a wuce asibiti kai tsaye, kada a tsaya kemis.